Kulob Ɗin Augusta: Daga Gonar Baba Zuwa Zauren Masu Hannu Da Shuni

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, hankalin masu sha'awar wasan golf, wanda wasunmu ke kira ƙwallon lambu, yakan karkata zuwa garin Augusta da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka. A can ne ake gudanar da gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na wannan wasa, a filin wani kulob mai zaman kansa da ake kira Augusta National. Miliyoyin jama'a kan kalli filin ta talabijin, ga ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, ga furanni ja da fari a gindin dogayen itatuwa. Amma da zarar an kammala gasar, an sanya wa gwarzon shekara koriyar kwat ɗinsa, sai a mayar da ƙofa a rufe. 'Yan kulob ɗin kimanin mutum 300 ne. Ba a cike takardar neman shiga, kuma yawan dukiya kaɗai ba ya buɗe wa mutum hanya. Sai wanda aka aika wa goron gayyata.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, wasan da akasarinmu ba mu taɓa riƙe sandarsa ba, a wata ƙasa can bayan teku? To, tarihin wannan kulob ya zarce labarin wasa. Labari ne na yadda ake gina katanga, da abin da ke sa a buɗe mata ƙofa, da kuma irin mutumin da ake buɗe wa. Cikin shekaru 90 da 'yan kai, kulob ɗin ya sassauto sau uku: ya bar baƙar fata ya buga gasarsa a 1975, ya karɓi baƙar fata a matsayin ɗan kulob a 1990, sannan ya karɓi mata a 2012. Sai dai kujerar zama ɗan kulob, duk lokacin da aka bayar da ita, daga cikin manya aka zaɓo wanda zai hau. Su kuwa maƙwabtan filin, waɗanda suka shafe kusan shekara 50 suna saɓe da jakunkunan 'yan wasa, sauyin da aka samu baya ma ya mayar da su.

Ƙasar da shuni ya riga zuwa

Bahaushe na kiran attajiri mai hannu da shuni, kuma abin mamaki shi ne wannan fili da shuni ya fara. A tsakiyar ƙarni na 19 gonar baba ce, irin baban nan da marinanmu suka sani, mallakar wani ɗan asalin ƙasar Ailan mai suna Dennis Redmond, a zamanin da manyan gonakin Jojiya ke tafiya da gumin bayi baƙaƙen fata. A shekarar 1854 Redmond ya gina gidan bene na kankare a tsakiyar gonar, kuma wannan gida shi ne babban zauren kulob ɗin har yau. A 1857 gonar ta koma hannun iyalan Berckmans da suka yi ƙaura daga Beljiyam, suka mayar da ita lambun rainon itatuwa da furanni da aka sani da suna Fruitland. Su ne suka dasa jerin itatuwan da suka yi wa hanyar shiga kulob ɗin rumfa, kuma saboda gadon da suka bari ne aka raɗa wa kowane rami daga ramuka 18 na filin sunan wata shuka. Bayan rasuwar Prosper Berckmans a 1910 sana'ar ta fara ja da baya, kafin 1920 kuwa lambun ya zama kufai.

Mutum biyu ne suka farfaɗo da wurin. Na farko shi ne Bobby Jones, lauya ɗan birnin Atlanta, wanda a shekarar 1930 ya lashe manyan gasanni huɗu na zamaninsa, biyu a Birtaniya biyu a Amurka, alhali bai taɓa karɓar kuɗin gasa ba domin bai ɗauki wasan a matsayin sana'a ba. Yana ɗan shekara 28 ya ajiye sanda, saboda farin jinin ya ishe shi, ko ina ya je wasa sai taron jama'a ya biyo shi. Yana neman wurin da zai buga da abokansa cikin sirri. Na biyu shi ne Clifford Roberts, dillalin hannayen jari a birnin New York, mutum mai ƙarancin magana da taurin kai. A 1931 suka haɗa masu zuba jari aka sayi eka 365 a kan Dala 70,000, suka kuma ɗauko Alister MacKenzie, likita ɗan Birtaniya da ya bar aikin asibiti ya koma zana filayen golf, ya tsara masu filin tare da Jones. An fara wasa a ƙarshen 1932, aka yi bikin buɗewa a watan Janairun 1933.

Lokacin da kulob ke bara

Wanda ya san Augusta ta yau zai yi wuya ya yarda cewa da farko kulob ɗin ne ke bin mutane yana roƙon su shiga. Tsarin asali ya tanadi 'yan kulob 1,800, kowa ya biya Dala 350 kuɗin shiga da Dala 60 a shekara. An yi niyyar shimfiɗa filaye biyu, na biyun ma domin mata, da filayen wasan tanis, da fulotan gidaje na sayarwa, sannan a rushe tsohon gidan Redmond a gina sabo. Sai dai ana wata ga wata. Karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta riga ta durƙusar da attajiran da ake sa rai da su. An aika dubban wasiƙun gayyata, amma lokacin da aka yi gasar farko a 1934, mutum 76 kacal suka shiga. Rashin kuɗi ne ya ceci tsohon gidan daga rusau, shi ne kuma ya binne maganar filin mata. MacKenzie ya rasu a watan Janairun 1934 yana bin kulob ɗin bashin ladan aikinsa, bai ga ko gasa ɗaya a filin da ya zana ba.

Ita kanta gasar neman mafita ce ta haife ta. Sun so a kawo masu babbar gasar ƙasa ta US Open, amma ana yin ta ne da bazara, lokacin da zafin Jojiya ba ya barin wasa. Har yau ma kulob ɗin kan rufe daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba. Don haka suka ƙirƙiro tasu a watan Maris na 1934, daidai lokacin da 'yan jaridun wasanni ke komawa arewa daga jihar Fulorida, suka kuma lallashi Jones ya dawo ya buga domin sunansa ya jawo 'yan kallo. Horton Smith ne ya lashe ta farko, ya karɓi Dala 1,500. A shekara ta biyu Gene Sarazen ya jefa ƙwallo a rami na 15 da bugu biyu kacal, ramin da ma'auninsa bugu biyar ne, labarin ya karaɗe jaridu, gasar ta yi suna. A 1939 aka tabbatar mata da sunan Masters. Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba a yi gasar ba daga 1943 zuwa 1945, aka saki shanu da talo-talo a filin ko a samu na rufin asiri, kuma fursunonin yaƙi Jamusawa na cikin waɗanda suka gyara shi daga baya.

Wannan babi na da muhimmanci, domin ya nuna cewa tsananin keɓancewar da ake yi wa Augusta kirari da ita daga baya aka ƙirƙiro ta. Da kulob ɗin ya kasa tara mutane da yawa, sai Roberts ya mayar da ƙarancin nan ya zama jari. Koriyar kwat da 'yan kulob suka fara sawa a 1937 domin baƙi su gane wanda za su tambaya, ta koma alamar daraja, musamman bayan 1949 da aka fara sanya wa gwarzon gasa ita, aka fara da Sam Snead. Daga 1956 tashar CBS ta soma nuna gasar bisa kwantiragin shekara ɗaiɗai, abin da ya bar wuƙa da nama a hannun kulob, shi ke faɗin yawan tallar da za a sa da irin kalmomin da masu sharhi za su yi amfani da su.

Zauren da ake naɗa manya

A 1948 Janar Dwight Eisenhower, wanda ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai, ya ziyarci Augusta ya kuma zama ɗan kulob. Roberts ya zama mai ba shi shawara kan dukiyarsa, kuma shi da wasu 'yan kulob ɗin na cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka wajen tara kuɗin yaƙin neman zaɓen da ya kai Janar ɗin fadar shugaban ƙasa a zaɓen 1952. A 1953 aka gina masa gida na musamman a harabar kulob ɗin, kuma ya ziyarci wurin sau 45 a rayuwarsa. Akwai wata bishiya a kan hanyar rami na 17 da ƙwallonsa ke yawan bugawa. A wani taron kulob a 1956, yana kan kujerar shugabancin Amurka, ya nemi a sare ta, sai Roberts ya ce maganar ba ta kan tsari, ya rufe taro. Gaba da gabanta, in ji Hausawa. Bishiyar ta rayu har 2014, lokacin da guguwar ƙanƙara ta kakkarya ta aka cire.

Mutane kan ba da wannan labari don nishaɗi, amma akwai abin lura a cikinsa. Wurin da shugaban ƙasa ke zama ɗan majalisa kamar kowa, inda shugabannin bankuna da manyan kamfanoni ke kwana su tashi tare, ya wuce a kira shi wurin hutawa kawai. A irin wannan zaure ake ƙulla amana, a san wanda za a ba kwangila da wanda za a tsayar takara. Saboda haka duk wanda aka hana shiga, an hana shi abin da ya fi wasa.

Kura da shan bugu

Baƙaƙen fata ba su taɓa rabuwa da filin ba ko na yini ɗaya. Su ne suka kasance masu dafa abinci da masu hidimar tebur, kuma su ne masu ɗaukar jakar sanduna, akasarinsu daga unguwar Sand Hills da ke kusa. Aikin mai ɗaukar jaka ya fi dako. Shi ke auna tazara, ya karanci iska da gangaren ƙasa, ya ce wa ɗan wasa ga sandar da ta dace. Har zuwa 1982 dokar gasar ita ce dole kowane ɗan wasa ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan mutane masu farar rigar aiki. Willie Stokes, wanda aka haifa a kan wannan ƙasa a 1920 tun ana noma ta, ya raka 'yan wasa huɗu zuwa nasara sau biyar. Nathaniel Avery na tare da Arnold Palmer a dukkan nasarorinsa huɗu, Willie Peterson kuma ya ɗauki jakar Jack Nicklaus a biyar daga cikin nasarorinsa shida. Carl Jackson ya yi wannan aiki a gasar Masters sau 54. Jim Dent, wanda shi ma daga ɗaukar jaka a nan ya faro, ya zama ƙwararren ɗan wasa har ya ci gasanni 12 a rukunin dattawa, amma bai taɓa buga Masters ba.

Yayin da waɗannan ke saɓe da jaka, ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka na da doka a rubuce, daga 1934 zuwa 1961, cewa farar fata kaɗai ke zama ɗanta. A shekarar da aka soke dokar ne Gary Player, Bature daga Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ya zama baƙo na farko daga wajen Amurka da ya ci Masters, alhali ɗan ƙasa baƙar fata bai samu ko damar gwadawa ba. Charlie Sifford ya ci manyan gasanni a 1967 da 1969, amma goron gayyata bai taɓa isa gare shi ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci da na silima, ta tsame kulob-kulob masu zaman kansu daga hukuncinta, don haka babu kotun da za ta tilasta wa Augusta. Sai da aka gyara ƙa'ida aka ce duk wanda ya ci gasar ƙwararru ya cancanci zuwa, sannan Lee Elder, maraya da shi ma ya taso yana ɗaukar jaka a jihar Texas, ya ci gasa a 1974 ya buga Masters a 1975. Barazanar kisa da ya sha ta sa ya kama hayar gidaje biyu a garin yana sauya wurin kwana. Roberts ya sauka daga shugabanci a 1976, a shekarar da ta biyo baya kuma, yana ɗan shekara 83 cikin rashin lafiya, ya ɗauki ransa da kansa a harabar kulob ɗin.

Daga 1983 aka ba 'yan wasa izinin zuwa da nasu masu ɗaukar jaka. A ido wannan ci gaba ne, domin an kawar da wani tsari mai kama da na ubangida da bara. Amma a aljihun mutanen Sand Hills asara ce, saboda makon gasar ne kakarsu, a cikinsa suke samun abin da ya fi na watanni. Kuma sauyin ya zo ne gab da lokacin da kuɗin gasa ya fara haɓaka, kason mai ɗaukar jaka ya zama abin a zo a gani. Cikin 'yan shekaru aikin ya koma hannun wasu, akasarinsu fararen fata. Shi Nathaniel Avery da ya rasu a 1985, kabarinsa ya daɗe babu ko alama, sai a 2017 aka kafa masa dutse. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙofar da kuɗi ke turawa

A 1990 aka shirya wata babbar gasa a kulob ɗin Shoal Creek na jihar Alabama. Wanda ya kafa shi, Hall Thompson, ya shaida wa 'yar jarida cewa ba za a tilasta masu karɓar baƙar fata ba. Nan take kamfanoni irin su IBM suka janye tallarsu, hukumomin wasan kuma suka kafa ƙa'idar cewa ba za su ƙara kai gasa kulob mai nuna wariya ba. Ba a rufa wata uku ba Augusta ta karɓi Ron Townsend, shugaban sashen talabijin na kamfanin Gannett, a matsayin baƙar fata na farko. Shekara bakwai bayan haka Tiger Woods, yana ɗan shekara 21, ya ci gasar da ratar bugu 12, ratar da ba a taɓa gani ba a filin.

Batun mata ya fi ɗaukar lokaci. A 2002 Martha Burk, shugabar wata gamayyar ƙungiyoyin mata, ta rubuta wa shugaban kulob na lokacin, Hootie Johnson, tana neman a karɓi mace. Ya mayar da martani a bainar jama'a cewa mai yiwuwa ranar ta zo, amma ba da tsinin banati a wuya ba. Don kada a matsa wa masu talla, sai kulob ɗin da kansa ya sallami Coca-Cola da IBM da Citigroup, aka nuna gasar 2003 da ta 2004 babu talla ko ɗaya. Wato kulob ɗin da ya taɓa kasa biyan mai zanensa ya kai matsayin da zai sayi shekara goma ta jinkiri da aljihunsa. Abin da ya tsananta lamarin shi ne naɗa mace, Virginia Rometty, shugabar IBM a farkon 2012, alhali an saba ba shugabannin wannan kamfani kwat. A watan Agustan shekarar aka sanar da karɓar Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, da Darla Moore, hamshaƙiyar mai harkar kuɗi daga jihar Karolina ta Kudu.

Adalci ya sa a faɗi hujjar kulob ɗin. Suna cewa 'yancin mutum ne ya zaɓi abokan zamansa, kuma babu mai tilasta wa ƙungiyar mata ta karɓi maza. Haka nan a 'yan shekarun nan sun yi abubuwan a yaba: gasar mata da aka fara a 2019, guraben karatu da sunan Lee Elder a kwalejin Paine ta baƙaƙen fata da ke garin, gayyatar shi Elder ɗin a matsayin baƙon girmamawa wajen buɗe gasar 2021 watanni kaɗan kafin rasuwarsa, da alƙawarin da suka yi a 2023 na gyara filin golf na hukumar gari, inda tsofaffin masu ɗaukar jaka suka saba buga nasu wasan. Amma hujjar zaɓen abokai tana da ƙarfi ne ga majalisar ƙofar gida. Wanda ya buɗe shagonsa ga duniya mako guda a shekara, ya ci riba da martaba daga kallon jama'a, ba zai ce sauran makonni 51 babu mai ikon tambayarsa ba. Kuma duk wanda ya dubi sunayen Townsend da Rice da Moore zai ga cewa launi da jinsi ne suka sauya, matsayi bai motsa ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma nan Arewa mun gaji irin waɗannan wurare daga Turawan mulkin mallaka da na kamfanoni, a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, inda Turawan haƙar kuza suka shimfiɗa filin Rayfield tun 1913. A zamaninsu Bature ne ke bugu, ɗan ƙasa na biye da jaka. Bayan 1960 manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka gaji kujerun, yaron unguwa kuwa yana nan inda aka bar shi. Da yawa daga masu karanta wannan shafi 'yan irin waɗannan kulob-kulob ne, ko kuma suna kan layin shiga. Ya kamata a taron shekara mai zuwa, bayan an gama lissafin kuɗin ciyawa da na injin ban ruwa, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: nawa ake biyan mai ɗaukar jaka, wa ke ɗaukar nauyinsa idan ya kwanta ciwo ko ƙarfinsa ya ƙare, kuma wace rana ce a mako aka ware masa ya riƙe sanda ya buga a filin da ya fi kowa sani? Augusta ta ɗauki shekara 32 kafin kabarin Avery ya samu suna. Babu dalilin da zai sa mu jira haka.